Baturan da Yaya Ya Adana

Ni mai buga tafireta ce, ko in ce a da can. Na yi shekara da shekaru a kujera ɗaya gefen taga, a wani ofishi a nan Wudil, ina buga wasiƙun manya da takardun taro. Ba yabon kai ba, hannuna yana da sauri. Ina bugu ina hira, idona na kan rubutun hannun oga, ba na duban haruffa, kuma da wuya ka ga na goge. Duk wanda ya shigo harabar da safe, ƙarar injina yake fara ji kafin gaisuwar kowa. Da wannan kujerar nake ɗinka wa 'ya'yana kayan makaranta, da ita kuma nake ɗaga kai a cikin dangin mijina, waɗanda tun farko ba su so in fita aiki ba.

Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, garin nan ya cika da alkawari. Wanda jiya kuke layin kalanzir tare, yau ya sa babbar riga ana ce masa Onarabul. A cikin wannan zumuɗin ne aka tara mu a ofis, aka ce zamani ya canja, za a kwashe tafiretoci a kawo kwamfuta. Duk wadda ba ta kawo takardar shaidar iya kwamfuta ba kafin ƙarshen shekara, za a ba wata kujerarta. Ban tsorata ba. Na ce a raina, in dai haruffan nan ne a jere kamar yadda na san su, a kawo ko me za a kawo.

Niyyata in riƙa shiga Kano ina koyo a can bayan an tashi daga aiki. Maigidana ya ce sam.

"Ki bi motar Kano kullum, ki dawo mini bayan magariba? Wa zai ji da yaran? Ga cibiya nan ana buɗewa a ƙofar gida, kuma Yaya ne zai riƙe ta. Me kike nema a Kano?"

Yayan nan wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsohon mai kula da sito ne, ya yi aikinsa har ya yi ritaya, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Wannan gaskiya ne. Abin da ba ya faɗa shi ne, a zamaninsa manoman Lajawa da Achika sun sha zuwa neman taki su koma hannu rabbana, takin yana ciki a kulle har ya daskare, sai da gatari ake fasa shi. Shi dai a wurinsa in buhu yana nan, to aiki ya yi kyau. Yana da wata 'yar rediyo da yake ratayawa a kafaɗa. Da an gama labarai sai ya buɗe bayanta ya zare baturan ya jefa a aljihu, wai kada su zube. In sun yi sanyi ya shanya su a rana a kan katanga. Mun sha yin dariyar wannan a tsakar gida, mu matan dangi, ban san wata rana abin zai biyo ta kaina ba.

Lokacin zaɓe Yaya ya yi wa ɗan takarar majalisa na yankinmu, wanda ya zama Onarabul ɗinmu, wahala ƙwarai, ya bi ƙauyukan Ɗankaza gida gida a kan tsohon babur ɗinsa. Da aka ci, Onarabul ya sayi kwamfutoci ya ba wata 'yar cibiyar koyon sana'a da ke kusa da unguwarmu, ya ce Yaya ne zai riƙe makulli. Ni kuma na biye wa maigida na sa sunana a rukunin farko.

Ina nan ranar da injiniya ya zo daga Kano ya haɗa kayan. Ɗaki ne mai rufin kwano, an jera tebura, an ɗora kwamfutocin. A lungu guda aka girke manyan batura irin na babbar mota a kan wani katako, da wani akwatin ƙarfe da injiniyan ya ce sunansa inbata. Ya yi mana bayani dalla-dalla. In akwai wuta, akwatin nan yana yi wa baturan caji. In an ɗauke, shi ne zai juya abin da ke cikinsu ya ba kwamfutocin, ko ƙiftawa ba za su yi ba. Akwai kuma ɗan janareta sabo fil, don ranar da aka daɗe ba a kawo wuta ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi Yaya ya ce:

"Alhaji, abu ɗaya nake roƙo. Kada a cire wayoyin nan. A bar su a jone dare da rana. Batirin nan ba ya son zama da yunwa, in ya sauka aka bar shi haka, mutuwa yake yi."

Yaya ya ce, "To, to, madalla." A lokacin ma bai je Makka ba, amma ya ji daɗin Alhajin, ina kallon sa yana gyara hula. Na tabbata daga kalmar nan bai ƙara jin komai ba.

Janaretan bai yi sati ba aka zo aron sa daga gidan Onarabul, wai ana taron godiya. Wa zai hana mai kaya kayansa? Yaya da kansa ya taya aka ɗora shi a bayan a-kori-kura. Mu dai daga ranar ba mu sake ganin sa ba, sai ƙararsa in mun bi ta bayan gidan.

Duk da haka kwanakin farko sun yi mini daɗi. Malaminmu wani magidanci ne mai sanyin murya, ya yi karatunsa a Kano, yana jiran a tabbatar masa da aikin. Ya nuna mana yadda ake kunnawa, da yadda ake riƙe linzami, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur kibiya ta motsa a allo. Nan ne fa na sha wuya. Yatsuna sun san haruffa, amma linzamin nan sai in tura shi gabas kibiyar ta yi yamma. Ga kuma abin da ban saba da shi ba. A tafireta abin da ka buga ya zauna a takarda ke nan, amma a nan sai ka adana shi da kanka, in ba haka ba wuta na tafiya ya bi ta. Na ga dai abu ne na sabo, in na samu zama a gabanta kullum zan iya.

Ran nan aka wuni babu wuta a gari. Mu ba mu ma sani ba, muna ta aiki tun safe, rukuni na fita rukuni na shiga. Wajen la'asar sai akwatin nan ya fara kuka, tsit, tsit, wata 'yar jar fitila tana walƙiya. Yaya ya shigo a guje har takalminsa na fita. Malam ya ce ba komai, baturan ne suka yi ƙasa, in an kawo wuta za su cika. Yaya ya riƙe baki.

"Sun yi ƙasa? Tun yanzu? Kayan da ko ƙaddamar da su ba a yi ba kun shanye su? In Onarabul ya zo me zan nuna masa?"

Washegari da muka zo, muka tarar an kwance wayoyin duka, an naɗe su an sa a kwali. An goge baturan tas, an lulluɓe su da wani sabon zanen gado mai furanni. Yaya ya tsaya a gabanmu ya ce ɗan abin da ya rage a ciki an ajiye shi sai ranar ƙaddamarwa. Har ga Allah yawancin 'yan ajin sun ga dacewar hakan. Kowa ya san batirin rediyo, kowa ya san batirin tocila, in kana so ya daɗe sai ka cire shi. Ni kaɗai na ce, "Amma fa injiniya ya ce kada a cire." Yaya ya dube ni ya yi murmushin nan nasa da nake ƙi kamar me.

"Akawu ke nan. Shi injiniya ai so yake su ƙare a koma a sayi wasu a wurinsa. Mun san irinsu."

Akawu yake kira na, tun ina amarya, da wata irin murya mai nuna aikin nawa wasan yara ne. Ni kuwa dole in durƙusa in gaishe shi, in tambayi iyali, in tambayi gajiya, in ce masa Yaya. Wan miji ne, ba a ja-in-ja da shi a gaban mutane. Na koma wurin zamana.

Daga nan karatu ya zama abin da ya zama. Wutar gari ba ta da lokaci. Sai mu zauna mu yi jigum muna kallon ƙwan fitila, in ya kama a yi ta rububin kunnawa. Kwamfutocin nan kuwa kafin su gama farkawa ka isa ka ɗora tukunya. Ka fara bugu, ka yi layi biyar, ka kai hannu ga linzami za ka adana, sai ɗif. Allo ya yi baƙi, fanka ta tsaya, zafin kwano ya sauko maka a ka. Wata rana na buga wasiƙa cikakkiya, mai kyau, har da adireshi a gefen dama kamar yadda nake yi a ofis, ina neman inda ake dannawa a adana, aka ɗauke. Na juya na kalli zanen gadon nan mai furanni a lungu, wallahi ji na yi kamar in cinna masa ashana.

Malam ya koma koya mana a allon bango. Ya zana akwati da alli ya ce wannan ita ce fuskar kwamfuta, ya zana ƙaramin akwati a ciki ya ce nan ake dannawa. Har kwali ya yanka mana ya zana haruffa a kai, wai mu riƙa motsa yatsu. Ni da na shekara da shekaru ina bugu, aka miƙo mini kwalin sabulu in koyi inda harafi yake. Na tsare shi bayan an tashi na ce:

"Malam, tsakani da Allah, kai ba ka san baturan nan lalacewa suke yi ba?"

Ya waiga hagu ya waiga dama, ya rage murya.

"Hajiya, na sani mana. Amma ni baƙo ne a nan, kuma takardata tana hannunsu. Ke da kike auren ƙaninsa, ki yi masa magana."

Har yau ina jin haushin mutumin nan kusan daidai da na Yaya. Shi Yaya bai sani ba, kuma ba ya son ya sani. Shi kuwa Malam ya sani sarai, ya zaɓi ya riƙa zana mana akwati da alli yana cewa mu danna.

Na bi ta wurin maigida. Na jira ya ci tuwo ya ƙoshi, na kawo masa ruwa, sannan na ce ya taimaka ya yi wa Yaya magana, ko da rana ɗaya a mako a jona baturan su sha wuta. Ya ce, "Ke yanzu so kike in je in koya wa Yaya ajiyar kaya? Mutumin da ya riƙe sito tun kina goye?" Na ce ai ba buhun gero ba ne. Ya ce in kiyayi bakina. Na ce to a bar ni in tafi Kano tun da sauran lokaci. Ya ce in na fita daga cibiyar Yaya na tafi wata, me mutane za su ce, ai na kunyata gidan gaba ɗaya. Muka kwana ba ma magana.

Na je wurin Yaya da kaina, a gidansa, ranar Juma'a da yamma bayan an taso daga kasuwa. Har da soyayyen kifi na kai masa daga bakin gada, don kada ya ce na zo da faɗa. Na durƙusa daga nesa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, na tambayi kowa har awakinsa. Sannan na ce:

"Yaya, alfarma na zo nema. Kujerata ce ke neman kuɓuce mini. In ban ci jarrabawar nan ba za a ba wata. Ka taimaka a mayar da wayoyin nan."

Yana cire ƙayar kifin a hankali, bai ko dube ni ba.

"Akawu, amana aka ba ni. Kayan nan na Onarabul ne har sai ya yanke ƙyalle ya ce ga shi. In kun cinye su, ranar da ya zo wuta ta ɗauke a gaban baƙi, ke za a kalla ko ni? Ki yi haƙuri, an kusa. Da an ƙaddamar ku yi ta sha har ku gaji."

"Yaya, ba sa ƙarewa irin na rediyo. Cika suke yi in an jona."

"To in cika suke yi, ai ranar ma sa cika. Gaggawar me ake yi?"

Ya tura mini ƙayar a faranti, ya ce in gaida yaran.

An kusa ɗin nan kuwa ta ci damina gaba ɗaya. A sa rana, a share harabar, a ɗauko kujeru, sai a aiko cewa Onarabul ya wuce Abuja. A sake sawa, a ce ana zaman majalisa. Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, aka fara girbin shinkafa a fadama, baturan nan suna lulluɓe a ƙarƙashin kwano mai zafi. Kullum da safe Yaya zai yaye zanen, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma, ya mayar. Kamar kwanukan jeren amarya, ana gogewa ba a ci a ciki. In baƙo ya zo sai ya kai shi lungun ya ɗaga gefen zanen ya ce, "Ka gan su nan, yadda aka kawo su."

Sai dab da azumi aka tsayar da rana ta gaskiya, kuma aka ce masu jarrabawa za su zo daga Kano a makon da ke biye. Na yi lissafi a raina, na ce ko kwana kaɗan na samu da wuta tsayayya zan ƙarasa abin da ya rage mini. Na yi ɗinki sabo saboda ranar. An zaɓe ni in zauna a kwamfutar farko, kusa da ƙofa, don in Onarabul ya shigo ya ga yatsu suna gudu.

Ranar tun da hantsi babu wuta a gari, kamar yadda aka saba. Makaɗa sun iso, an kafa rumfa, 'yan siyasa sun cika kujeru. Yaya ya sha farar shadda, ya shigo da kwalin wayoyi a hammata, ya yaye zanen gado da wani irin yanga, ya ce wa Malam bismilla. Malam ya ɗaura wayoyin. Ya danna. Akwatin ya yi tsit sau ɗaya, jar fitilar ta leƙo ta koma. Ya sake dannawa, ko tsit ɗin ma bai samu ba. Kiɗa kuwa yana ta tashi daga waje.

Yaya ya ce, "Ka dai jona daidai kuwa?"

Malam ya ce, "Daidai ne, Alhaji. Sun mutu."

"Sun mutu kamar yaya? Wa ya taɓa su? Ni ke riƙe da makulli!"

Na so in yi magana, amma na ga in na buɗe baki abin da zai fito ba na gaban mutane ba ne. Na kama gefen tebur na riƙe.

Aka ce a ruga gidan Onarabul a ɗauko janareta, aka dawo aka ce yana can yana ba baƙi ruwan sanyi, ba mai iya kashe shi. Can wani daga cikin 'yan rakiyar siyasa ya ce ai ga mai walda nan a bakin titi da ƙaton inji. Kafin ka ce me, an turo injin a kura, baƙi ƙirin, yana ɗigar da mai. Malam ya ce a dakata, wutar injin walda ba ta da tsari, hawa take tana sauka, ba a haɗa ta da kwamfuta kai tsaye. A hankali ya faɗa, kamar mai neman gafara. Yaya ya daka masa tsawa ya ce jiniya ake ji, ga su Onarabul nan sun hawo gada. Malam ya ja baya ya naɗe hannu. Mai walda ya tsallake akwatin nan da baturan, ya murɗa wayarsa a jikin ta ɗakin, ya ja igiya.

Kwamfutocin suka kama kuwa. Ƙwan fitila ya yi wani irin fari da ban taɓa gani ba, fanka ta riƙa juyi kamar za ta tsinke. Onarabul ya yanke ƙyalle a waje, aka yi guɗa, ya shigo da jama'arsa ana ture-ture. Ya tsaya a kaina. Na buga masa barka da zuwa, yatsuna na gudu kamar yadda aka so, ya ga sunansa a allo ya yi dariya ya tafa. Ya dafa kafaɗar Yaya ya ce a gaban kowa, da ana samun masu amana irin wannan da ƙasar nan ta gyaru. Suka fita zuwa rumfa.

Bai gama zama a kujerarsa ba mai walda ya ƙara wa injin wuta, wai don lasifika ta fi tashi. Na ji fas a bayana, na ji wani fas ɗin a gefe. Ƙwan fitila ya fashe. Allon da ke gabana ya tattare ya zama ɗigon haske ya ɓace, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayansa. Warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. A waje ana ta jawabi a kan sabon zamani, mu kuma muna ciki muna fifita da mayafi. Yaya ya leƙo, ya ga abin da ya faru, ya ce kowa ya fita a hankali kada a tayar da hankalin baƙi. Ya ja ƙofa ya sa makulli, ya koma rumfa ya zauna a sahun gaba.

Masu jarrabawa suka zo a makon da aka ce, suka leƙa, suka koma motarsu. Suka ce in an gyara a aiko musu. Ba a gyara ba har shekara ta ƙare. Laifin kuwa aka ɗora wa injiniya, aka ce kayan jabu ya kawo, tunda ga batura nan ko kwarzane babu a jikinsu amma sun ƙi aiki. Malam ya samu takardarsa ta tabbatar da aiki, aka mayar da shi wani wuri. Ban taɓa jin ya gaya wa kowa gaskiyar abin da ya faru ba.

Bayan ƙaramar salla na koma ofis na tarar an ɗauke tafiretata. A kan teburina, gefen tagata, ga kwamfuta an girke, ga wata yarinya da ta yi kwas a Kano tana zaune tana neman haruffa da yatsa biyu. Ba ni da abin cewa a kanta, takarda aka ce a kawo ta kawo. Ni aka tura ni ɗakin ajiyar fayil, can ƙurya, inda babu taga. Aikina in karɓi fayil in ɗora a kan kanta, in an nema in sauko da shi. Daga can ina jiyo ta tana bugu, ƙwas, sai an jima, ƙwas, yatsuna kuma suna motsi a kan cinyata suna ƙarasa mata layin. A nan na zauna har na yi ritaya. Matan dangi da suka daɗe suna jiran wannan rana suka riƙa tambayata, da fuskar tausayi, wai yaya sabon wurin aiki.

Ba a daɗe ba Onarabul ya ba Yaya kujerar Makka. Kamar yadda ake yi, ya bi gidajen dangi yana sallama yana neman gafara. Ya zo gidanmu da yamma, aka shimfiɗa masa darduma a tsakar gida, maigida yana gefensa. Aka kira ni na fito na durƙusa. Muka gaisa. Ya ce:

"To Akawu, tafiya ta zo. Rai a hannun Allah yake. Duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Amsar a bakin kowa take, ko yaro ya san ta. Maigida yana kallona yana jira. Na ce:

"Yaya, wanda ka sani ɗin nake so in ji."

Ya shiga tunani, kuma na ga da gaske yake tunanin, ba wai basarwa ba. Can ya ce:

"Au, maganar baturan nan ce har yanzu? Haba Akawu. Ai ki gode Allah da na cire su. Kayan da ko a ajiye ma suka mutu, ina ga an bar ku kuna ta sha? Da ko wata guda ba za su kai ba."

Na dube shi, na dubi rediyon da ke kafaɗarsa, bayanta a buɗe, aljihunsa ya yi nauyi. Maigida ya yi gyaran murya ya ce, "Ke, ana jiran ki." Na ce Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya, na tashi na shiga ɗaki. Ina ji maigida yana ba shi haƙuri, yana cewa halin mata ne, ta yafe a zuciya.

Ya je ya dawo da haƙorin Makka, ya kawo mini tsarabar dabino da carbi, na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Baturan kuwa da aka rufe cibiyar ya kwaso biyu ya kai gida, ya ajiye a zaure ana zama a kai. Duk sallar duniya sai na wuce ta gabansu na shiga na durƙusa na gaishe shi, har ya bar duniya. Maigida ya sha ce mini kalma ce guda, in faɗa mana a wuce wurin. Na ce masa ai ban hana ba, jira nake Yaya ya faɗi abin da ya yi. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba.